BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA KIYAYE DOKOKIN UBANGIJINSA

Duk wanda ya san birnin Sakkwato ya san Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi. Kullum ba a rasa baƙi masu ziyara a wurin, waɗansu daga Kano, waɗansu daga Adamawa, waɗansu ma daga Jamhuriyar Nijar. Mu Kirista mazauna garin muna ratsa wannan unguwa, muna ciniki da mutanenta, muna gaisawa da su safe da yamma. To, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya kama hanyar Sakkwato amma Allah bai nufa ya sa ƙafarsa a cikinta ba, watau Bishop Samuel Ajayi Crowther, baƙin mutum na farko da ya zama Bishop a Ikkilisiyar Angalika. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne yadda ya riƙe dokokin Allah cikin al'amuran yau da kullum: wajen uwarsa, wajen matarsa, wajen maƙwabcinsa Musulmi, har da wajen waɗanda suka ci mutuncinsa da tsufansa.

HAIHUWARSA DA KAMUNSA

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809, daidai lokacin da Muhammadu Bello yake kafa birnin Sakkwato. Garinsu Osogun ne, cikin ƙasar Yarbawa, a jihar Oyo ta yanzu. Ubansa manomi ne, masaƙi kuma. A zamanin nan daular Oyo ta soma rushewa, yaƙi ya tashi ta kowane gefe, farautar bayi ta zama sana'a.

A farkon shekarar 1821, watau shekara huɗu bayan rasuwar Shehu, wata safiya mutanen Osogun suna shirin karya kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin, suka sa masa wuta. Mayaƙan nan haɗin gambiza ne, akwai Yarbawan Oyo Musulmi, akwai Fulani, akwai bayin da suka guje wa iyayengijinsu. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka zarga musu igiya a wuya. Ubansa kuwa, tun daga ranar nan bai ƙara ganinsa ba. Yaron yana da shekara 12 ko 13 ke nan.

Da fari an yi musayarsa da doki, amma da cinikin bai yi daɗi ba aka komo da shi. Bayan 'yan watanni aka raba shi da uwarsa, aka kai shi kasuwa. Ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har aka yi musayarsa da taba da barasa. Baƙin ciki ya kai shi ga neman shaƙe kansa, amma Allah ya tsare. Daga ƙarshe aka sayar da shi ga Turawan Fotugal a Ikko, aka sa masa sarƙa, aka loda shi cikin jirgin ruwa tare da waɗansu bayi don a haye da su teku. Ran 7 ga Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila masu hana fataucin bayi suka tare jirgin. Yaran sun ɗauka sababbin Turawan nan cinye su za su yi, sai suka ga an kwance musu sarƙa, an ba su abinci da tufafi. A watan Yuni aka sauke su a Firitawun, babban birnin Saliyo.

Mai karatu ya lura da abu guda. Waɗanda suka kama shi suna amsa sunan Musulmi, waɗanda suka saye shi kuwa suna amsa sunan Kirista. Tun yana yaro Ajayi ya gani da idonsa cewa suna dabam, kiyaye dokar Allah dabam.

KARATU, BAFTISMA DA AURE

A Saliyo ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta C.M.S. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin Ikkilisiya na birnin Landan. A 1827, da aka buɗe kwalejin Fourah Bay, sunansa ne na farko cikin littafin ɗalibai. Da ya gama ya zama malamin makaranta.

Ya auri wata malamar makaranta mai suna Asano, watau Hassana, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, aka yi mata baftisma da suna Susan. Sun zauna tare fiye da shekara 50, har mutuwa ta raba su. Duk tafiye-tafiyen da ya yi, wani lokaci ya shekara ba ya gida, duk kuma ƙarar da abokan hamayyarsa suka kai daga baya a kan aikinsa, ba wanda ya zarge shi da taka doka ta bakwai, wadda ta hana zina. Ɗansu Dandeson ya zama Akdikin, jikansu kuma shi ne Herbert Macaulay, wanda ake lissafawa cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya.

Akwai wani abu da ya faru yana malanta a Saliyo wanda ya sāke tunaninsa har iyakar ransa. Wani yaro ɗan Musulmi ya zo makaranta da laya a wuya. Ajayi, da zafin ƙuruciya, ya yanke layar ya ce a mai da ita gida. Uban yaron ya zo a fusace. Aka shiga gardama, Ajayi ya jero hujjoji yana ganin ya kā da kowa, amma dattawan Musulmi suka tashi ba wanda ya gusa ko da taƙi ɗaya daga inda yake. Daga baya, cikin ɗan littafin da ya rubuta da tsufansa a kan zamansa da Musulmi da masu addinin gargajiya, shi da kansa ya nuna cewa irin wannan cin gardama bai amfana kome ba. Abin da Manzo Bitrus ya umarta cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3, shi ne mai bi ya ba da amsar bangaskiyarsa da tawali'u da ladabi. Ajayi ya koyi wannan ta hanyar kuskurensa, bai kuwa sāke yin irinsa ba.

GIRMAMA UWA

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara. Aka zaɓi Ajayi ya raka Rabaran J. F. Schön, aka kuma ɗora musu koyon Hausa domin tafiyar. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 40 cikin Turawa 145, tafiyar ta watse. Daga nan shugabannin C.M.S. suka gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin Afirka. Aka kira Ajayi Landan, aka naɗa shi Rabaran a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta tare da Rabaran Henry Townsend. Bai daɗe da sauka ba sai labari ya zo masa cewa uwarsa, Afala, tana da rai a wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu da juna. Suka riƙe juna suna kallo, hawaye na zuba, magana ta gagara. Ga shi Rabaran ne wanda ya ga Landan, yana jin Turanci, yana karanta Helenanci, ga ta tsohuwa wadda bauta ta ragargaza, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Bai ji kunyarta ba. Ya ɗauke ta ya kai ta gidansa. Ya kuma fanshi 'yan'uwansa mata da 'ya'yansu sa'ad da yaƙi ya sāke jefa su cikin bauta. Bai matsa wa tsohuwar ta bar addininta ba, sai da aka koyar da ita a hankali, ta yarda don kanta, sa'an nan aka yi mata baftisma a 1848 da suna Hannatu, kamar uwar Annabi Sama'ila. Ta rayu ƙarƙashin kulawarsa har ta tsufa tukuf, ta ga ɗanta ya zama Bishop.

Doka ta biyar, cikin Fitowa sura 20, ta umarce mu mu girmama uba da uwa. Nawa ne cikinmu suka sami aiki a Sakkwato ko Kaduna ko Abuja, suna ba da baiko mai kauri a gaban jama'a ran Lahadi, alhali tsohuwarsu a ƙauye ba ta da kuɗin magani? Ubangiji Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan wannan hali cikin Markus sura 7.

HANYAR SAKKWATO

A 1854 Ajayi ya sāke hawa Kwara da Binuwai tare da Likita Baikie. A wannan karo an sha kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 suka sāke tasowa cikin jirgi mai suna Dayspring, da niyyar kafa wuraren ciniki da na mishan, a kuma kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi, wanda a lokacin shi ne Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello. Aka bar Rabaran J. C. Taylor ya soma aiki a Anaca, saura suka yi gaba. Amma a watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe. Suka yi sansani a bakin kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgi.

Wani da ya zauna yana gunaguni. Ajayi kuwa sai ya mai da zaman jiran nan makaranta. Ya duƙufa koyon Nufanci, yana zama da fatake a mashigin Raba, inda ayarin Hausawa suke ƙetare kogi. A 1860 ya fitar da littafin koyon karatun Nufanci, a 1864 kuma nahawu da ƙamus na harshen. Ya riga ya yi wa Yarbanci da Ibo irin wannan hidima, shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Yarbanci.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin masu kallo har da Leeke, hafsan jirgin yaƙin da ya kuɓutar da shi shekara 42 da suka wuce. Amma waɗansu Turawan mishan, har da Townsend abokin aikinsa, ba su yarda baƙin mutum ya shugabance su ba, saboda haka aka ba shi ƙasashen bakin Kwara, inda ma'aikatansa duka 'yan Afirka ne. Bai ɗaga murya a kan wannan ba, ya kama aikinsa.

ZAMANSA DA SARAKUNAN MUSULUNCI

Ƙasar Nufe da ta Ilori suna ƙarƙashin Gwandu ne, watau cikin daular da Shehu ya kafa. Ajayi ya san sarai cewa ba zai yi aiki a Lakwaja ko gaba da ita ba sai da yardar sarakuna. Saboda haka yakan je Bida gaisuwa wurin Etsu Masaba, bayansa kuma Umaru Majigi, ya bayyana abin da ya kawo shi a fili, ba ɓoye-ɓoye. Yakan ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. In an hana shi wuri sai ya haƙura, in an ba shi ya yi godiya. Ta haka aka ba shi izinin buɗe tasha a tudun Kipo, kusa da Egga. Ku tuna fa, wannan shi ne yaron da aka ƙone garinsu aka sa masa igiya a wuya. Yana da dalilin riƙo in da ya so. Amma umarnin Ubangiji cikin Matiyu sura 5, a kan ƙaunar maƙiyi da yi masa addu'a, bai ware kowa ba.

A 1872, yana komawa Ikko ta ƙasa, ya biya ta Ilori. Sarki ya tara malamai a fada aka yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa ɗan Maryamu, da tashin kiyama, da Mai Taimakon da aka yi alkawarinsa. Ajayi bai zagi kowa ba, bai kuma rage kome daga bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi a karanta amsar da Yarbanci, daga Luka sura 1, da Yahaya sura 14, da Matiyu sura 25, da Ayyukan Manzanni sura 1. Da aka tambaye shi ɗayan littafin da yake riƙe da shi, sai ya karanta musu addu'ar da ake yi wa Sarauniyar Ingila cikin Littafin Addu'a, ya bayyana cewa Kiristan da yake zaune a wata ƙasa sunan sarkin ƙasar yake sawa a wurin. Fadawa suka ga addu'ar ta dace. Wannan kuwa shi ne umarnin Manzo Bulus cikin 1 Timoti sura 2, cewa a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sa'ad da barasar Turawa ta soma lalata mutanen Nufe, Etsu Maliki, wanda ya hau gadon sarauta a 1884, ya sa aka rubuta takarda zuwa ga Bishop Ajayi, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da ita ƙasarsa. Sarki ne Musulmi, amma da ya nemi amintaccen da zai ɗauki kukansa, Bishop ɗin Kirista ya tuna. Takardar nan ta yi yawo a Ingila, masu yaƙi da fataucin barasa suka yi ta kafa hujja da ita. Mutumin da aka taɓa musayarsa da barasa shi ne aka roƙa ya tsaya a kan hana ta.

Ba kullum ne hanya take da daɗi ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, a yankin Idah, ya kama Bishop da ɗansa Dandeson, ya tsare su kwanaki yana neman kuɗin fansa masu yawa. Wani jami'in Ingila mai suna Fell ya zo daga Lakwaja ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu cikin jirgi. Wannan bai hana Ajayi komawa kogin ba.

JARRABA DA TSUFA

Jarraba mafi zafi daga cikin gida ta fito. Bayan rasuwar Henry Venn, babban sakataren C.M.S. wanda ya tsaya wa Ajayi, sai iska ta juya. Turawa 'yan kasuwa suka yawaita a kogin, suna kishin 'yan kasuwa baƙaƙe, ƙararraki kuma suka soma isa Landan a kan ma'aikatan Bishop. Gaskiya ita ce waɗansu ƙararrakin suna da tushe. An sami ma'aikata masu shaye-shaye, da masu ciniki a ɓoye, har ma a Anaca wata yarinya ta mutu saboda dukan da waɗansu mutanen da suka yi aiki da mishan suka yi mata. Bishop yana zaune a Ikko, tashoshi suna da nisa, shi kuwa mutum ne mai sanyin hali wanda ba ya korar ma'aikaci sai an kawo shaida. Mai yiwuwa ne sanyin nan ya yi yawa a wani wuri. Amma kuma an rubuta rahotanni a asirce bisa jita-jita, aka hukunta mutane ba tare da an ji ta bakinsu ba. Doka ta tara ta hana shaidar zur, Kubawar Shari'a sura 19 kuma ta ce ba a tabbatar da laifi sai da shaidu biyu ko uku. A kan wannan tsohon ya tsaya.

A 1890 waɗansu samarin Turawa masu zafin himma suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sa riguna irin na Hausawa da nufin shiga ƙasar Hausa, da kuma F. N. Eden wanda aka ba sakatarcin mishan. A taron kwamiti a Anaca cikin watan Agusta, suka dakatar da ma'aikatan da Bishop ya naɗa da hannunsa, a gabansa, har da Akdikin Dandeson ɗansa. Dattijo mai shekara 80 da ɗoriya, samarin da ba su kai rabin shekarunsa ba suna ɗaga masa murya. Bai rama zagi ba. Ya faɗi abin da yake gani gaskiya ne, ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya kai maganar gaban shugabanni a Landan ta hanyar da ta dace. Bai fita daga Ikkilisiya ba, bai kuma kafa tasa ba, ko da yake da ya kira da dubbai sun bi shi. Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ran 31 ga Disamba na shekarar ya huta a Ikko.

Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892, su ma ba su kai Sakkwato ba. Aka maye gurbin Ajayi da Bature, sai bayan shekara 60 aka sāke ba ɗan ƙasa cikakken riƙon dayosis na Angalika a Nijeriya. A 1990 aka kafa Dayosis na Angalika na Sakkwato, Bishop na farko kuwa shi ne Josiah Idowu-Fearon, ɗan asalin jihar Kogi, yankin da Ajayi ya yi wa hidima. A watan Yuni 2014, shekara 150 bayan keɓewarsa, Justin Welby, wanda yake Akbishop na Kantabari a lokacin, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe shi ya furta tuba a kan abin da aka yi masa. Mahaƙurci mawadaci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, cikin Yahaya sura 14 Ubangiji ya ɗaura ƙaunarsa da kiyaye umarnansa, bai raba su ba. Ba kowa ne zai zama Bishop ko ya fassara Littafi ba. Amma kowannenmu yana da iyaye ko dattawan da hakkinsu yake wuyansa. Mai aure yana da alkawarin da ya ɗauka a gaban Allah. Kowa yana da harshe, a wurin aiki da a kwamitin Ikkilisiya, inda ake kashe mutum da jita-jita ba a ji ta bakinsa ba. Mu da muke zaune a Sakkwato da Gusau da Birnin Kabi kuma muna da maƙwabta Musulmi waɗanda ba za su taɓa shiga majami'a ba, abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a mudun da muke awo da shi, da bashin da muka biya ko muka ƙi biya, da yadda muke amsawa in an tsokane mu.

Saboda haka in ka bi ta Hubbare, ka gai da mutane da ladabi, ka yi wa Sarkin Musulmi da Gwamna addu'a kamar yadda aka umarce ka, in an tambaye ka dalilin begenka ka amsa a fili da tawali'u, sa'an nan ka koma gida ka aika wa tsohuwarka abin da ya kamata. Allah ya ba mu ikon yin biyayya ga Maganarsa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.